Kiwon Ruwan Sha A Ƙasar Mafara

Wanda duk ya bi hanyar Gusau zuwa Sakkwato, in ya iso Talata Mafara ba ya rasa jin labarin madatsar Bakolori. An soma gininta a kan gulbin Sakkwato cikin 1974, aka gama cikin 1978, ruwanta kuwa yana bin magudanai zuwa gonakin Mafara da Bakura da Maradun. Baƙo ya ga wannan sai ya zaci mutanen Garbadu da maƙwabtansu sun gama da ƙishirwa. To, amma don noman rani aka yi ta, ruwan gona kuwa dabam ya ke da ruwan sha. Cikin magudanan nan a ke samun katantanwar da ke riƙe da ƙwayar tsargiya, yaron da ya saba wanka ciki kuwa ba ya daɗewa sai a ga jini cikin fitsarinsa.

Saboda haka ruwan shan ƙauye ya rataya ga rijiya da famfon tuƙa-tuƙa. Mu da za mu fita koyarwa ƙauyuka, ya kamata mu san abin da ke kashe su.

Famfon tuƙa-tuƙa ba abu ne mai wuyar fahimta ba. Hannun da a ke dannawa yana ɗaure da sarƙa, sarƙa tana jan sandar ƙarfe, sandar kuwa tana ɗaga wata 'yar roba can ƙasa cikin bututu, ita ce ke turo ruwa sama. Robar nan takan cinye, musamman in ruwan da yashi. Alamarta ita ce a yi ta dannawa ruwa na zuwa kaɗan-kaɗan. In kuwa da safe sai an daɗe ana tuƙawa kafin ya fito, to, ruwan yana zurarewa ƙasa da dare, watau murfin gindin bututu ya lalace ko kuwa bututun ya huje. Duka biyu ƙaramin gyara ne in an yi shi da wuri. Amma abin da mu kan gani shi ne, a ƙyale shi, yara su riƙa lilo da hannun, ba mai sa wa sarƙa mai, ba mai ɗaure kusoshi, har sandar ta tsinke ta faɗa ciki. Sa'an nan sai mata su ɗauki tuluna su koma tafki, a zauna jiran Gwamnati ta haƙa sabo. A ganinmu wannan jiran shi ne babbar hasara, gama kuɗin haƙa burtsatse ɗaya ya isa gyaran tsofaffi masu yawa.

Kada a ce komawa tafki ƙaramin abu ne. Iyayenmu sun san kurkunu, wanda ke kwantar da manomi daidai lokacin noma. Ba a rabu da shi a Nijeriya ba sai da aka dage ga tace ruwa da haƙa rijiyoyi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ƙarewarsa cikin 2013. Amai da gudawa kuwa suna nan, kowace damina sai sun nemi ƙofa.

Game da rijiya, a ɗaga bakinta, a yi mata daɓen siminti mai gangare don ruwan da ya zube kada ya koma ciki, a rataye guga kada a yar da shi ƙasa. Shadda kuma a nisanta ta kamar ƙafa 100, ta gefen gangare.

Inda gari ya yi girma har layin tuluna ya yi tsawo, a kan sa injin mai aiki da hasken rana ya tura ruwa cikin tanki bisa hasumiya, a ja bututu zuwa unguwanni. Abu ne mai kyau, amma shi ma yana son mai kiwo: ƙurar hunturu takan rufe farantansa ƙarfinsu ya ragu, sai an riƙa shafe su, tanki kuma a wanke shi a kai a kai. Kafin a nemi wannan, mai gari da dattawa su zaɓi mutane, da mata a cikinsu tun da su ne masu ɗiba, su tara kuɗin gyara da kaka sa'ad da hatsi ya ke hannu. Malamin makaranta shi ya fi dacewa ya riƙe musu littafin lissafi, ya karanta shi a bainar jama'a bayan sallar Juma'a.