Ƙara wa Mota Ƙarfi da Kuɗi Kaɗan: Ina Ya Kamata a Fara?

A watan Maris na shekarar 1975 aka yi gasar tseren motoci ta Safari a ƙasar Kenya, tafiyar kilomita dubu biyar da ɗoriya cikin taɓo da ƙura da duwatsu. Daga cikin motocin da suka shiga akwai Lancia Stratos ta ƙasar Italiya, motar tsere ta ainihi, mai ɗauke da injin kamfanin Ferrari. Amma da aka kai ƙarshe, Fijo 504 ce ta zo ta ɗaya, a hannun Ove Andersson ɗan ƙasar Suwidin, Stratos biyu kuma suka biyo bayanta. A wannan shekarar ce kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, kuma ita 504 ɗin ce ta shafe shekaru tana jigilar fasinja tsakanin Kano da Ɗambatta da Kazaure da Daura, kafin Golf ta karɓe tashoshi.

Ita Fijon gasar an yi mata gyare-gyare, har da na inji. Sai dai abin da ya ba ta nasara shi ne juriya: ƙafafunta sun jure duka, cikinta bai fashe a kan dutse ba. Wannan maƙala za ta duba abin da ilimin fiziks ya ce game da matashin da ke da mota a Kazaure ko Ɓaɓura ko Roni ko Gwiwa, yana son ta ƙara kuzari, alhali kuɗin hannunsa ba su taka kara sun karya ba. Motocin tsere na ainihi ba su da yawa a wannan yanki, amma dokar da ke tafiyar da Stratos ita ce ke tafiyar da tsohuwar Golf.

Inji yana shaƙar iska

Injin fetur yana aiki ne da bugu huɗu: fistin ya sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi su kama da wuta su tura fistin ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Domin mai ya ƙone sarai, kowane giram ɗaya na fetur yana buƙatar kimanin giram 14.7 na iska. Idan aka juya wannan zuwa ma'aunin lita, lita ɗaya ta fetur tana cin iska kusan lita 9,000. Ke nan abin da ke iyakance ƙarfin inji shi ne yawan iskar da yake iya shaƙa. Wanda ya sa aka buɗe masa mai fiye da kima ba tare da ƙarin iska ba, baƙin hayaƙi kawai ya saya.

A nan yanayin ƙasa yake shigowa. Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba. Idan zafi ya tashi daga digiri 20 zuwa 40 a ma'aunin Salsiyos, kamar yadda yake yi da ranar watan Afrilu a arewacin Jigawa, nauyin kowace lita ta iska yana raguwa da kusan kashi 6 cikin ɗari. Shi ya sa direbobi kan ce mota ta fi jin daɗin tafiyar asuba, kuma gaskiyarsu ce. Don haka wanda ya cire akwatin matatar iska na asali ya ɗaura wata buɗaɗɗiya a gefen inji, ya sa injinsa shaƙar iskar da ta riga ta ɗumama. Zai ji ƙara ta ƙaru, amma sau da yawa ƙarfi raguwa yake yi.

Ga kuma ƙura. Ƙurar hunturu da yashin hanyoyin ƙauyukan Ɓaɓura da Gwiwa suna ɗauke da ɓarɓashin ma'adinin kwaz, wanda ya fi ƙarfen cikin silinda tauri. Duk ƙwayar da ta tsallake matata za ta shiga tsakanin fistin da bangon silinda ta yi ta kankara. Daga nan sai matsi ya zube, inji ya fara shan baƙin mai. Saboda haka kuɗin farko ya kamata su tafi ne wajen maido wa inji ƙarfin da ya ɓata: sabuwar matatar iska irin ta asali, fulogi masu kyau, baƙin mai a kan lokaci, da auna matsin kowace silinda. Tsohon injin da aka ƙera da ƙarfin doki 90 mai yiwuwa ya daɗe da daina ba da 90 ɗin, kuma babu dokin da ya kai wanda aka maido araha. Shi wannan ma'auni na doki, James Watt ne ya ƙirƙiro shi a ƙarni na 18, kuma doki ɗaya daidai yake da kimanin wat 746.

Akwai al'adu biyu na garejoji da ya kamata ɗalibi ya auna da hankali. Ta farko ita ce cire na'urar da ke daidaita zafin ruwan inji, da sunan wai an yi ta ne don ƙasashen sanyi. Inji yana aiki mafi kyau ne idan ruwansa ya kai wajen digiri 90, kuma ita na'urar aikinta ta kai shi can da wuri ta riƙe shi. Idan mota tana zafi fiye da kima, a duba lagireto ko ya toshe, a duba fanka da famfon ruwa. Ta biyu ita ce fasa salansa a ciro abin nan mai kama da saƙar zuma, wanda kanikawa ke kira indomi. An shafe shi da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa yake da masaya. Aikinsa mayar da iskar guba ta kabon monoksaid zuwa wadda ba ta kisa nan take. Idan bai toshe ba, cire shi ba ya ƙara wani ƙarfin a zo a gani, kuma a motoci masu injekta yakan rikita saƙon da kwamfutar inji ke karɓa. Masu talla a bakin titi ne ke shaƙar sakamakon.

Nauyi

Doka ta biyu ta Isaac Newton, wadda ya wallafa a 1687, ta nuna cewa saurin ɗaukar gudu yana daidai da ƙarfin turi a raba shi da nauyi. A ɗauki mota mai nauyin kilo 1,100 da ƙarfin doki 90. Idan direba mai kilo 70 ya shiga, kowane doki yana jan kilo 13. To a ƙara fasinja biyar masu kilo 65 kowanne, da buhun gero biyu masu kilo 100 kowanne, irin lodin ranar kasuwa. Nauyi ya zama kilo 1,695, kowane doki yana jan kusan kilo 19. Kafin motar ta koma kuzarinta na farko sai an ba ta injin doki 130. Rage kaya kuwa ba ya cin ko kwabo. Tsofaffin ƙarafa da jarkoki da manyan sifiku da ke kwance a but duk suna cikin wannan lissafi.

Gudu da tsadarsa

Burin yawancin matasa shi ne allurar gudu ta ƙara gaba. A nan ne fiziks ya fi tsauri. Turjiyar iska tana ƙaruwa ne da gudu sau gudu, ƙarfin da ake buƙata don keta ta kuwa da gudu sau gudu sau gudu. Idan ana son ƙarshen gudun mota ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, sai a lissafa 1.1 sau 1.1 sau 1.1, a sami 1.33. Wato sai inji ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Babu salansa ko matatar da za ta ba da wannan. Na'urar turbo, wadda Alfred Büchi ɗan ƙasar Suwizalan ya yi wa rajista a 1905, tana iya bayarwa, domin tana amfani da hayaƙi ta cusa wa inji ƙarin iska. Sai dai ƙarin matsi yana kawo ƙarin zafi, ya buƙaci fistin masu ƙarfi da na'urar sanyaya iska da sabon tsarin kwamfuta da fetur mai inganci. Ɗaura ta a kan tsohon injin da ba a ƙera shi dominta ba, da rabin kuɗi, hanya ce ta rasa injin gaba ɗaya. Ga mai ƙaramin ƙarfi, a ajiye batunta.

Kuma me aka samu? A tafiyar kilomita 80, kwatankwacin nisan Kano da Kazaure, mai gudun kilomita 80 a awa zai yi minti 60, mai gudun 100 zai yi 48. Minti goma sha biyu ke nan, kafin a cire tsayawar Ɗambatta da tsallakawar shanu. Ƙa'idar hanya ta Nijeriya, wadda hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988 ke kula da ita, ta tsayar wa ƙaramar mota kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ma, aljihu kansa ya zama ɗan sandan hanya, domin man da ake ƙonawa wajen keta iska yana hawa tare da gudu.

Taya da birki

A nan ne ya kamata kaso mafi tsoka na kuɗin ya tafi, ko da yake shi ne wanda abokai ba za su yaba ba. Duk ƙarfin inji da na birki suna isa ƙasa ne ta wurare huɗu, kowanne bai fi tafin hannu girma ba. Idan tayar ba ta kama ƙasa, ƙarin doki ba ya haifar da komai sai juyawa a wuri ɗaya.

Nisan da mota ke yi bayan an taka birki ana samun sa ne idan aka ninka gudu da kansa, aka raba da ninki biyu na kamun taya sau jan ƙasa, wato 9.8. A busasshiyar kwalta da taya mai kyau, kamun yana wajen 0.7. Gudun kilomita 80 a awa daidai yake da mita 22.2 a daƙiƙa, kuma lissafin zai ba da mita 36. A gudun 100, mita 56. A gudun 120, mita 81. Gudu ya ƙaru da rabi, nisan tsayawa ya ninka biyu har da ɗoriya. Idan kuwa yashi ya hau kwalta ko tayar ta suɗe, kamun ya sauko zuwa 0.4, mai gudun 80 ma sai ya yi mita 63. Wannan duk ban da tafiyar da mota ke yi kafin ƙafar direba ta isa birki, wadda a daƙiƙa ɗaya tak ta kai mita 22. Ɗalibi ya auna mita 85 a filin makaranta, ya tuna cewa yaron da ya biyo akuya kan titi ba ya ba da sanarwa.

A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna makon da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko da zanenta bai suɗe ba, zafi kuma yana gaggauta tsufan, abin da ya sa tayar gwanjo kan fashe da tsakar rana. A auna iskarta da safe kafin tafiya, a bi adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, kada a bar wa mai faci ya ƙiyasta da bugun ƙarfe.

Manyan ƙafafun ado masu siririyar taya kuwa an yi su ne don hanya mai santsi. Sau da yawa sun fi na asali nauyi, kuma rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa su. Idan faɗin tayar gaba ɗaya ya fi na asali da kashi 5 cikin ɗari, motar za ta yi nauyin tashi, allura kuma ta riƙa nuna 100 alhali ana gudun 105. Haka nan sauke mota ƙasa: a hanyoyin duwatsun Roni tukunyar baƙin mai ce za ta fara biya. Shokozoba masu kyau, waɗanda ke riƙe taya a manne da ƙasa a kan gargada, sun fi waɗannan duka amfani.

Shi birki aikinsa mayar da motsi zafi. Motar kilo 1,200 mai gudun kilomita 100 tana ɗauke da makamashi kusan jul 463,000, wanda ya isa ya kai ruwa lita ɗaya da rabi ga tafasa, kuma duk wannan yana shiga ƙarfen birki cikin daƙiƙu kaɗan. Man birki yana jan danshi daga iska a hankali. Irin wanda ake kira DOT 4, sabonsa ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma idan ya sha ruwa yana iya tafasa a 155. Da ya tafasa sai tururi ya cika bututu, tururi kuwa yana matsuwa, sai direba ya taka birki ya ji ƙafarsa ta kai ƙasa babu komai. Canza man birki duk shekara biyu yana cikin gyare-gyare mafiya araha, kuma yana cikin waɗanda aka fi mantawa da su.

Aikin aji

Malami zai iya ba ɗalibai wannan: mota ta taso daga Kazaure da gudun kilomita 90 a awa, direba ya hangi amalanke a mita 70 gabansa, kuma ya ɗauki daƙiƙa ɗaya kafin ya taka birki. A lissafa ko za ta tsaya kafin ta isa amalanken idan kamun taya 0.7 ne, sannan a sake lissafawa da 0.4. Daga nan a nemo gudun da motar za ta daki amalanken da shi a lissafi na biyu.