Kwamfutar Makaranta a Hannun Yaro: Jan Hankali ga Iyaye da Malaman Birnin Katsina

Jama'ar Katsina, iyaye maza da mata, malaman boko da na islamiyya, wannan takarda taku ce. Maganar da ke cikinta ita ce kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda makarantu a ƙasar nan suka fara damƙa wa ɗalibai, wasu su yi aiki da ita a aji su mayar, wasu kuma su zo da ita har gida. Abu ɗaya muke so mai karatu ya riƙe: duk wanda ya ba yaro kwamfuta mai hawa intanet ya ɗauki amana, kuma tsaron amanar nan ana shirya shi ne tun kafin na'urar ta shiga hannun yaro.

ME YA SA AKE BA YARA KWAMFUTA?

Wani uba zai ce, mu da alli da allo muka yi karatu, me ya kawo wannan? Amsa ita ce zamani ya juya. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya kan kwamfuta. A shekarar 2024 hukumar WAEC ita ma ta fara yi wa masu zana jarrabawa masu zaman kansu tasu a kan kwamfuta. Yaron da bai taɓa dafa madannan na'ura ba sai ranar jarrabawa, ko ya san amsa, lokaci zai ƙare masa yana lalube. Shirin AGILE na ilimin 'yan mata, wanda Bankin Duniya ke tallafawa, Katsina na cikin jihohi 7 na farko da aka fara shi, kuma koyar da aiki da kwamfuta na cikin ginshiƙansa. A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe wani dandalin darussa na kyauta a intanet, har da darussa cikin Hausa.

Garin nan kuwa ba baƙon ilimi ba ne. Hasumiyar Gobarau shaida ce, haka tarihin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. A nan aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, wadda ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Saboda haka ba hana yara kwamfuta muke kira a yi ba. Kira muke a karɓe ta da ido buɗe.

DARASIN MAKARANTAR GALADIMA

A shekarar 2005 wani malamin jami'a a Amurka mai suna Nikolas Negroponte ya fito da shirin ba kowane yaro kwamfuta guda, 'yar ƙarama mai launin kore da fari, wadda aka yi burin sayarwa a kan dala 100. Nijeriya na cikin ƙasashen da aka fara gwajin. A 2007 aka raba wa yaran wata firamare da ke ƙauyen Galadima a gefen Abuja. Murna ta cika gari, yara suka koyi na'urar cikin ɗan lokaci, har suna nuna wa malamansu.

Ba a yi nisa ba, a watan Yuli na shekarar, Kamfanin Dillancin Labaran Nijeriya ya ba da labarin cewa an ga hotunan batsa a cikin wasu kwamfutocin yaran. Labarin ya zagaya duniya. Sai a lokacin masu shirin suka ce za a sa wa na'urorin matata, wato manhajar da ke tare miyagun shafuka. Ku lura da abin da ya faru: yaran firamare ne, ba wai sun fi sauran yara lalacewa ba. An haɗa su da intanet ne ba shinge, ba mai lura. Laifin na manya ne da suka sa rabo a gaba, tsaro a baya. Rigakafi ya fi magani.

INA HAƊARIN YAKE?

Na farko shi ne abin da ido bai kamata ya gani ba: batsa, hotunan kisa, da wa'azin masu tsattsauran ra'ayi. Sau da yawa yaro bai je nema ba, talla ce ke faɗowa a gabansa yana neman wasa ko fim.

Na biyu, wanda ya fi muni, shi ne baƙon da ke neman yaro. Ga yadda suke yi. Babban mutum zai buɗe shafi da hoton yarinya ko na saurayi, ya aiko gaisuwa. Zai yi makonni yana yabo, yana tambayar karatu, wataƙila ya turo kati ko data. In sabo ya yi, sai ya ce maganar nan ta tsaya tsakaninmu, kada Mama ta ji. Daga nan sai ya nemi hoto, na farko na mutunci, na gaba na tsiraici. Ranar da hoton ya isa hannunsa, ranar murya ke canjawa: ko a turo kuɗi, ko a ƙaro wani hoton, ko ya watsa wa 'yan aji da dangi. Makaminsa duka kunya ce. Ya san a ƙasar Hausa yarinya za ta gwammace ta haɗiye baƙin ciki da a ce sunan gidansu ya ɓaci, kuma yara maza ma ba su tsira ba.

Na uku, yaro kansa na iya zama mai cutar. A watan Yuli na 2024 kamfanin Meta ya sanar da rufe shafukan Instagram kusan 63,000 daga Nijeriya saboda irin wannan ƙwace ta hanyar hotunan tsiraici. Masu wannan aiki ba daga sama suka faɗo ba, matasa ne da wani ya koya wa. Haka cacar ƙwallo da shafukan da ke alkawarin ninka kuɗi: da naira ɗari ake farawa, a ƙare da satar kuɗin cefane.

Na huɗu shi ne cin zarafi tsakanin yara su ya su. A ɗauki hoton ɗan aji a asirce, a yi masa ba'a a zauren WhatsApp, ya kwana yana kuka ba wanda ya sani. Na biyar kuma barci ne: yaron da ya kai ƙarfe biyun dare yana kallo ba zai tashi Asuba ba, ba zai fahimci darasi ba.

AIKIN MAKARANTA

Magabatanmu da suka zagaye birnin nan da ganuwa ba su toshe shi ba. Sun bar Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Guga, Ƙofar Marusa, Ƙofar Sauri da sauransu, fatake na shiga da fita, amma kowace ƙofa da mai tsaronta. Haka ake so makaranta ta yi da kwamfutar ɗalibi. Kafin rabo, ga abin da ya wajaba:

1. A sa matata a cikin ita kwamfutar kanta. In a layin intanet na makaranta kaɗai aka sa, da zarar yaro ya je gida ya jona da wayar yayansa, shingen ya faɗi.

2. A raba iko biyu. Malamin kwamfuta ya riƙe lambar sirri ta babban iko, ɗalibi ya shiga da ƙaramin iko wanda ba zai iya sauke sabuwar manhaja ba. Da haka ake hana manhajar VPN da yara ke zagaye shinge da ita.

3. A rubuta yarjejeniya cikin Hausa mai sauƙi, a karanta wa iyaye a taro: abin da aka yarda a yi da na'urar, abin da aka hana, da wanda zai biya in ta lalace.

4. A ware malami namiji da malama mace waɗanda yara suka sani da suna, su ne ake kai wa ƙara.

5. A riƙa karɓar na'urorin lokaci-lokaci ana dubawa ana sabunta su, a kuma lura da fulas, domin ta nan fim ke yawo ko babu intanet.

Makarantar da ba ta da halin waɗannan tana da wata hanya. A 2013 Jihar Oshun ta raba wa ɗaliban babbar sakandare allon lantarki mai suna Opon Imo, wanda aka zuba wa littattafai da tambayoyin jarrabawar baya, ana karantawa ba tare da intanet ba. Ga ƙananan yara, wannan ya wadatar.

A sani kuma na'ura ba ta maye gurbin malami. Ƙasar Peru ta raba irin kwamfutocin Galadima masu ɗimbin yawa, amma binciken da aka fitar a 2012 bai ga ƙaruwar makin lissafi ko na harshe ba. In malami bai san abin da zai sa yaro ya yi da ita ba, yaro zai samo wa kansa abin yi.

TSARO DABAN, LEƘEN ASIRI DABAN

Akwai kuma wuce gona da iri. A 2010, a gundumar Lower Merion kusa da birnin Filadelfiya a Amurka, aka gano hukumar makarantu na kunna kyamarar kwamfutocin da ta ba ɗalibai daga nesa, da sunan bin sawun waɗanda aka sace. Aka tara hotuna sama da 50,000, har da na yara a ɗakunan kwanansu. Magana ta kai kotu, hukumar ta biya dala 610,000 aka sasanta. Ku ƙaddara irin wannan a gidan kulle, inda ko baƙo namiji ba ya wuce zaure.

Don haka iyaye na da haƙƙin tambaya: me makaranta ke iya gani a na'urar nan, wa ke gani, kuma har yaushe ake ajiye shi? Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta kafa ƙa'idar neman yardar iyaye ko waliyyi game da bayanan yaro. In ba a darasi ake ba, a liƙe idon kyamara da 'yar takarda. Ba ya cin ko kwabo.

AIKIN IYAYE

Uwa za ta ce, ni ban yi boko ba, ina zan gane abin da yake yi? Hajiya, ba sai kin iya karanta Turanci ba. Kin san fuskar ɗanki fiye da kowane injiniya.

A ajiye kwamfuta a tsakar gida ko a falo, fuskarta na kallon inda mutane ke wucewa. Kada ta kwana a ɗakin yara: bayan sallar Isha a karɓa, a sa caji a ɗakin iyaye. A yanka mata lokaci, kada ta ci lokacin islamiyya, aike da barci. Ku zauna kusa ku ce, nuna mini abin da aka koya muku yau. Ku tuna Facebook da TikTok da Instagram su da kansu sun ce sai mai shekara 13 zai buɗe shafi, don haka kada yaya ko kawu ya buɗe wa ɗan firamare da shekarun ƙarya. Ƙasar Ostireliya ma ta yi doka a 2024 ta ɗaga shekarun zuwa 16.

Ga alamun da ake lura da su: rufe na'ura da sauri in an shigo, kuɗi ko kati ko sabuwar waya da ba a san mafarinsu ba, ƙin cin abinci, ƙin zuwa makaranta, firgita in saƙo ya shigo. Uba kuma ya dubi tasa wayar, domin abin da babba ke kallo a gaban yara ya fi kowane wa'azi shiga kunnensu.

KU KUMA YARA

Kwamfutar nan aro ce, don karatu aka ba ku. Kada ku ba kowa lambar sirrinku, ko da babban aboki ne. Kada ku faɗa wa wanda ba ku sani ba sunan unguwarku, makarantarku ko lokacin tashinku. Kada ku tura hoton da ba za ku iya nuna wa mahaifiyarku ba, domin abin da ya hau intanet ba ya dawowa. Duk wanda ya ce ku ɓoye wa iyayenku hirarku da shi, ba masoyinku ba ne. Kada ku tura abin da zai kunyata ɗan'uwanku, ko da kowa na turawa.

IN ABU YA RIGA YA FARU

Nan ne iyaye da yawa ke kuskure. Yaro ya zo da rawar murya ya faɗi abin da ya same shi, sai a rufe shi da duka, a ƙwace na'ura, yarinya kuwa a cire ta daga makaranta. Ƙannensa na kallo, sun koyi darasi: gobe in ta same su, shiru za su yi. Shirun nan shi mai cutar ke nema.

Abin yi shi ne a kwantar wa yaro da hankali, a gaya masa ya kyauta da ya faɗa. Kada a biya ko sisi, domin wanda aka biya sau ɗaya zai dawo. Kada a goge saƙonnin: a ɗauki hoton hirar da sunan shafin da lambar asusun da aka ce a tura kuɗi, sannan a toshe shi. Kada a tura wa kowa hoton tsiraicin yaro da sunan neman shawara. A sanar da shugaban makaranta, a kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar NAPTIP. Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ta haramta batsar yara da yaudarar yaro ta intanet don lalata, kuma ta tanadi ɗauri. A rufa wa yaron asiri, kada maganar ta zama hirar majalisa.

Wanda ya karanta takardar nan ya karanta wa maƙwabcinsa. Masu unguwanni da limamai su tayar da zancen a wurin taro. A zaman ƙungiyar iyaye da malamai mai zuwa, wani ya miƙe ya yi tambaya uku: An sa matata a cikin na'urar? Me makaranta ke gani a cikinta? Wa yaro zai gaya wa in ya shiga matsala? In amsa ta samu, a karɓi kwamfuta da godiya. In ba ta samu ba, a ce a dakata da rabo har a shirya. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani.