Ka Tsayar da Shekara Kafin Ka Sayi Madubin Jan Ɗigo

Wani ƙanena da ke karatu a Amurka ya turo mini hoton bindigarsa ta kwaikwayo, irin ta wasan airsoft mai harba ƙwallayen roba masu milimita 6. Ya ce: "Yaya, ina so ta fito sak irin wadda sojan ƙasa na Amurka ya riƙe a Iraƙi a 2004. Me ya rage?" Na ƙura wa hoton ido. Jikin bindigar ya yi, gindinta ya yi, har maɗaurin rataya ya dace. Amma a samanta ga ɗan ƙaramin madubi samfurin Aimpoint Micro T-2 zaune a kan wani dogon mazauni. Wannan madubi bai fito ba sai 2014, shekara goma bayan zamanin da yake nufi. Kuɗi ya tafi, kama kuwa ba ta samu ba.

To ƙanena, da duk mai irin wannan sha'awa, ko ɗan wasa ne, ko mai tara kayan tarihi, ko mai tanadar kayan fim, abin da zan fara ce muku shi ne ku daina cewa "bindigar sojan Amurka". Ku faɗi shekara, ku faɗi runduna, ku faɗi wuri. Sannan ku nemi hoto na gaske, mai kwanan wata, na sojan wannan runduna a wannan wuri, ku ajiye shi kusa. Fim ba hujja ba ne, wasan kwamfuta ma haka, domin masu shirya su kan ɗora abin da ya zo hannunsu.

Madubin jan ɗigo ba ya kusanto da abu. Ɗigo ne ja da ƙaramar fitila ke haskawa a kan gilashi, mai saiti ya buɗe ido biyu ya aza ɗigon a kan abin da yake nufi. Kamfanin Aimpoint na ƙasar Suwidin ne ya fitar da irinsa mai batir a 1975. Kafin nan akwai wani da ake kira Singlepoint, wanda ba a gani ta cikinsa: ido ɗaya yana kallon ɗigo cikin duhu, ɗayan yana kallon fili, ƙwaƙwalwa ta haɗa su. Shi sojojin Amurka suka ɗaura a harin Son Tay na Biyatnam a Nuwamba 1970, kuma da mazauninsa ya riƙa kwancewa sai suka naɗe shi da baƙin salatif na masu gyaran wuta. Idan wannan bindiga kake kwaikwayo, salatif ɗin nan yana cikin kayan, kada ka ji kunyar naɗa shi.

Shekarar da za ka riƙe da kyau ita ce 1995. A cikinta ne aka amince da kwangirin Picatinny, wato doron nan mai tsage-tsage da ake ɗaura kaya a kansa, a ƙarƙashin ƙa'idar MIL-STD-1913. Kafin nan bindigogin dangin M16 suna da hannun ɗauka a manne da jiki, don haka duk madubin da za a sa sai ya hau kan hannun. Mai kwaikwayon gajeriyar bindigar Delta Force ta Mogadishu, Oktoba 1993, zai nemi dogon madubi mai kama da bututu, irin Aimpoint 2000 ko 5000, ya ɗora shi can bisa hannun ɗauka. Zai yi tsayi, haɓarka ce za ta taɓa gindin bindiga maimakon kunci. Haka abin yake a lokacin. Kada ka gyara wa tarihi zama don ka ji daɗin riƙo.

Yanzu ga taka, ta 2004. Abin da kake nema shi ne Aimpoint CompM2, wanda sojan ƙasa ke kira M68. Ya fito a 2000, ya gaji CompM da rundunar ta fara saya a 1997. Ka dube shi da kyau kafin ka biya. Bututunsa milimita 30 ne, gajere mai kauri, da marufan roba biyu masu buɗewa gaba da baya. A gefensa na sama akwai ɗan siririn gidan batir wanda maɓallin murɗawa ke ƙarshensa, batirin kuwa ɗan ƙarami ne, DL1/3N. Wannan gidan batir shi ne shaidarka. Idan ka ga gidan ya yi kauri har zai ci batir AA, irin na tocila da rediyo, to CompM4 ne, wanda ya zo wajen 2007. Shi ma M68 ake ce masa, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa: suna ɗaya, zamani biyu.

Mazauni shi ne inda na fi son ka daɗe, domin wanda ya san abin yakan dube shi kafin madubin, kamar yadda mahayi ke gane doki na gidan waye daga sirdinsa. M68 na wancan lokaci yana zuwa da mazaunin QRP, zobe ɗaya mai rungume bututu, da wani ƙaton maɓalli da ya turo a gefe. Murɗa shi ake yi har ya yi ƙas, alamar ya ɗauru ke nan. Maɓallin yana kama tufafi, sojoji sun sha ƙorafi a kansa, amma in babu shi kamar ba ta cika ba. A ƙarƙashin zoben akwai ɗan ƙarfe da ake sakawa don ƙara tsayi, yadda ɗigon zai daidaita da ƙarfen saiti na gaba. Idan kuwa doguwar M16A2 ce mai hannu a manne, akwai mazaunin da ke kama hannun sannan ya miƙe gaba ya sunkuya, kamar wuyan dinya, madubin ya zauna a gabansa. Sojojin ruwa na musamman kuma an san su da mazaunin Wilcox a kan gajeriyar Mk 18. Madubi ɗaya ne, mazauni uku, kowanne yana faɗin wanda ya riƙe bindigar. Dogayen mazaunan nan da suka kai inci biyu ko suka wuce, irin naka, na ƙarshen shekarun 2010 ne, lokacin da saiti da na'urar gani cikin dare a fuska ya yawaita.

Madubin EOTech kuma, mai taga mai kusurwa huɗu da zobe ja kewaye da ɗigo, aikinsa daban ne don da hasken laser yake zana hoton, amma dokar shekara ta hau kansa. Na 552 dogo ne saboda batir AA biyu, ya dace da farkon yaƙin Iraƙi da Afganistan. Na 553 mai launin ƙasa da maƙallai biyu na rundunoni na musamman ne daga baya. EXPS3, gajere mai batir ɗaya a kwance da maɓallai a gefe, sai an shiga shekarun 2010.

Wani lokaci amsar gaskiya ita ce babu jan ɗigo sam. Sojan Marine a Falluja a 2004 mai M16A4 ya fi yawan fitowa da madubin ACOG mai kusantowa sau huɗu, ko da saitin ƙarfe kawai. Sojan Ingila mai L85 a wancan lokaci madubin SUSAT ne a kan tasa. G36 ta Jamus tana da jan ɗigonta a cikin hannun ɗauka, ba ka buƙatar ƙari. Dangin Kalashnikov kuma gefen hagu suke karɓar madubi, a kan wani faranti da ya zama na dindindin a AK-74M tun 1991, kuma madubin Kobra na Rasha nan yake kamawa. Ga 'yan'uwanmu masu shirya fim a Kano da Kaduna, sojan da muka saba gani a hanya AK ɗinsa tsirara take da saitin ƙarfe. Ku bar ta haka, za ta fi kama da abin da mai kallo ya sani.

Na gaske ko kwafi? Ga bindigar roba kwafi ya isa, domin babu ƙugin harsashi da zai girgiza shi, na gaske kuwa yakan fi bindigar kanta tsada, ga dokokin Amurka masu tsauri kan fitar da kayan soja. Amma ka duba abu uku: tsawon jiki, wurin zaman batir, da ingancin ƙusoshi. Na taɓa sayen kwafin CompM2 a intanet don arha. Da ya iso, ɗigon ya fito kamar an watsa barkono, kuma karo na biyu da na murɗa maɓallin mazauni sai zaren ya cinye, madubin ya riƙa rawa a kan kwangiri. Na ji zafin wannan kuɗi ƙwarai. Tun ranar nake neman mai sayarwa ya turo mini hoton ɗigon a kunne, da hoton ƙasan mazauni. Ka sa kariyar gilashi kuma, domin ƙwallo ɗaya daga kusa yana fasa shi. Ragar nan mai kama da saƙar zuma da sojoji ke ɗaurawa don hana ƙyalli tana taimakawa, ta kuma dace da 2004.

Abu na ƙarshe ina roƙonka da shi. Duk yadda ta ƙara kama da ta gaske, haɗarinta ya ƙaru. Kada ka cire bakin nan mai ruwan lemo da ta zo da shi, ka ɗauke ta a rufe cikin jaka daga gida zuwa filin wasa, kuma kada ka yi tunanin sako ta cikin kayanka in za ka dawo gida hutu. Masu fim kuma su sami izinin 'yan sanda a rubuce kafin a fito da ko guda ɗaya waje. Madubin T-2 ɗin nan ka ajiye shi, zai yi maka amfani ran da ka tashi haɗa ta 2016. Ka turo mini hoton M68 ɗin kafin ka biya, in duba maka gidan batir.