Darasi Ga Mata 'Yan Kasuwa: Ina Za Ki Sauka A Lome?

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi masu fita fatauci. Da an gama kaka, an sayar da gyaɗa da wake da riɗi, an kwashi adashe, sai ki ji mata daga Dambatta, Makoɗa, Bichi da Kunchi suna shawarar su wuce Kantin Kwari su je can inda atamfa take sauka, wato Kwatano ko Lome. Za a yi lissafin kuɗin mota, a yi na canjin sefa, a yi na riba. Maganar masauki kuwa sai a ce "in mun je ma gani". To 'yar uwa, a nan ne jari yake fara zubewa.

Lome, babban birnin Togo, a bakin teku yake zaune, kuma iyakar Ghana ta Aflawo tana manne da shi ta yamma. Babban titi ya bi gaɓar teku, ga itatuwan kwakwa, ga rairayi fari, ga otal-otal na masu yawon buɗe ido. Babba daga cikinsu shi ne Sarakawa (ba sarakunanmu ake nufi ba, sunan wani ƙauye ne a arewacin ƙasar inda jirgin Shugaba Eyadema ya faɗi a 1974). Babbar kasuwar tufafi, wadda 'yan gari suke ce wa Asigame, tafiyar 'yan mintoci ce daga ruwan. A can ne matan nan da ake kira Nana Benz suka yi suna da dukiya a cinikin atamfa. Gobara ta ci babban gininta a Janairun 2013, amma ciniki bai bar titunan da ke kewaye ba.

Wadda ba ta taɓa ganin teku ba, ranta zai so ɗakin da ke kallon ruwa. Ba laifi ba ne. Sai dai ki sani kuɗin kallon nan a cikin kuɗin ɗaki yake, kuma daga jarinki zai fita. Ƙananan masaukai masu araha na wajen nan kuma da yawansu haɗe suke da mashaya, kiɗa har tsakar dare, masu shiga da fita ba a san su ba. Macen da ta ɗauro kuɗin mutum goma a ƙugu ba ta da abin yi a irin wannan wuri. In dole sai kusa da kasuwa, to ki shiga ki ga ɗakin da idonki kafin ki biya. Ƙofar tana da sakata ta ciki? Banɗakin na ɗakin ne, ko da maza za a haɗa? Ana rubuta sunan baƙo a ba shi rasit? Wanda ya ƙi ba ki rasit, ranar da ƙunshin atamfa ya ɓata zai ce bai taɓa ganin ki ba.

Ɗaya zaɓin shi ne Zango, kuma shi na fi karkata gare shi ga mai zuwan fari. Tun zamanin fataucin goro, Bahaushe in ya isa baƙon gari, maigida yake nema. Maigida shi ne mai masauki: ya ba ki wurin kwana a cikin iyalinsa, ya ajiye miki kaya, ya haɗa ki da dillali da mai canji, in rigima ta taso ya tsaya miki. Ladarsa yawanci daga la'adar ciniki take fitowa, shi ya sa sunansa ya fi masa komai daraja, domin in ya ci amanar baƙo ɗaya labari zai riga shi isa Kano. A Zango za ki ji Hausa, ki ji kiran salla, ki sami tuwo da naman da kika san yadda aka yanka shi, ba sai kin yi ta fama da Faransanci ko yaren Mina ba.

Amma fa akwai nisa. Tsohon Zango a tsakiyar gari yake, hukuma ta tashe shi a 1977 ta mai da mutanen Aguwe, wajen kilomita 15 arewa da gari, a kan hanyar da ta nufi Burkina Faso. Kin ga kullum sai kin biya tasi ko ɗan acaɓa, wanda can ake ce wa zemijan, zuwa da dawowa, ga cunkoso. Ki sa wannan a lissafi. Ki kuma tabbatar maigidan wani ya san shi daga gida, kamar wata Hajiya da ta saba sauka wurinsa shekaru, ba wanda ya tare ki a tasha yana "sannu da zuwa 'yar uwa" don ya ji kina Hausa ba. Lambarsa da kwatancen gidan su kasance a hannun maigidanki ko mahaifinki tun kafin ki bar ƙauye, kuma wanda zai raka ki, muharrami ko ayarin mata amintattu, a san inda shi ma zai kwana.

Sai yanayi. Daminarsu ba irin tamu ba ce, biyu suke yi: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba da Oktoba. Unguwannin da ke kwari, na gefen tafkin cikin gari da wasu sassan Zango da ke kusa da kogin Ziyo, ruwa yana shiga gidaje. Ki nemi ɗakin sama ko gida mai tudu, kaya kuma a ɗora su kan katako. Iskar teku tana da laima, wanki ya kwana bai bushe ba, atamfar da aka jibge a ƙasa ta ɗauki wari. Gidan sauro kam ki taho da naki.

Agogon Togo yana bayan namu da awa ɗaya, na Binin kuwa daidai yake da namu, saboda haka ki gyara lokaci in kin tsallaka. Alƙibla tana tsakanin gabas da arewa maso gabas. In kin fuskance ta, teku yana hannunki na dama. Fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS ta ishe ki zama har kwana 90 ba biza, amma ki riƙe katin rigakafin shawara, ana tambaya a iyaka, kuma otal zai nemi ganin takardunki.

In an gama sayayya, ku je ku ga tekun da rana, cikin jama'a, ba tare da jaka ba. Ku tsaya daga nesa. Ruwan nan ba dam ɗin Tomas ba ne ko na Watari, igiyarsa tana jan ƙafa daga ƙasa ko da iya gwiwa mutum ya shiga, ya kan ci har waɗanda suka iya iyo. In da yaro a tafiyar, hannunsa kada ya bar naki.