Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Zan Haɗa wa Yarana Allon Rubutu a Gida?

Tambayar wannan makon ta zo ne daga wata baiwar Allah a Funtuwa, mahaifiyar yara uku. Ta ce yaranta sun mayar da bangon tsakar gida wurin koyon rubutu da gawayi, ga shi kuwa gidan haya ne. Ta samo wani katako ta shafa masa baƙin fenti irin na ƙofa don ya zama allo, amma ko an ɗora alli sai ya riƙa zamewa, rubutu ba ya fita. Maƙwabciyarta ta ba ta shawarar ta fasa tsohon batir ta shafa baƙin da ke cikinsa. Tana so ta san inda aikin ya ɓaci, da ko shawarar batir ɗin abin bi ce, da kuma ko gara ta haƙura da baƙin allo ta nemi fari irin na makarantun kuɗi, wanda ake rubutu a kansa da maka.

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana yaran. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, don yaron da ke bin bango da gawayi hannunsa ne ke neman alƙalami, kuma kin yi daidai da kika nema masa wurin rubutu maimakon ki hana shi.

Bari mu fara da katakon da kika riga kika shafa. Kusan kowa yana ɗauka baƙi ne ke mayar da katako allo, shi ya sa da an tashi sai a nemi baƙin fenti kowane iri. Amma launi aikinsa kawai ya sa farin rubutu ya fito fili. Akwai allunan aji koraye, kuma suna aiki lafiya lau. Abin da ke kama alli shi ne kaushi. Yawancin allin makaranta ana yin sa ne da jibsum, wani farin dutse mai taushi, kuma duk layin da yaro ya ja, allon ne ke kankarar allin yana riƙe garinsa, kamar yadda magogi ke cin kuɓewa. Fentin ƙofa kuwa fentin mai ne, an yi shi don ya bushe da sheƙi da santsi, ruwa da datti su zame a kansa. To, allin ma zamewa zai yi. Hannunki bai yi kuskure ba, fentin ne ba na wannan aiki ba.

Katakon bai lalace ba. Ki nemi samfefa, wato takardar nan mai yashi da kafintoci ke goge katako da ita, mai lamba 150 ko kusa da haka. Ki ɗan jiƙa ta, ki goge fuskar allon a hankali har sheƙin ya mutu ya koma dishi-dishi. Ki share, ki bari ya bushe, ki gwada alli. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa. Sai dai ki yi gugar a waje, nesa da yara da wurin girki, domin wasu fentukan mai, musamman tsofaffi, suna ɗauke da dalma, ita kuwa dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro. Jiƙa samfefar shi ke hana ƙurar tashi. Saboda wannan dalilin ne ba na son a ɗauko tsohuwar ƙofa mai fenti kashi-kashi a ce za a kankare ta a yi allo.

Idan kuma sabo kike so, ga yadda za a yi. Falle guda na filawud ƙafa 4 ne da ƙafa 8, ya fi ƙarfin ɗakin yara. In aka yanka shi huɗu, kowane yanki zai zama ƙafa 2 da ƙafa 4, wanda ya ishi yara biyu su tsaya kafaɗa da kafaɗa. Sai ku haɗa kuɗi ku huɗu da maƙwabta, ko ki tura kafintan unguwa ya duba miki cikin ragowar yanke-yankensa. Mutanen Kano sun san 'Yan Katako a Na'ibawa, na Kaduna sun san Fanteka, a Yamai kuwa kasuwar ma sunanta Katako. Kowane gari ba ya rasa irin wannan wuri. A zaɓi mai kaurin milimita 9 ko 12. Siririn nan na milimita 3 ko 4 yana lanƙwasa da damina, sai in an buga masa firam a baya. Akwai kuma katakon gari da ake cewa MDF, fuskarsa ta fi ta filawud kyau, amma ba ya shiri da ruwa ko kaɗan, da ya sha laima sai ya kumbura. Abu ɗaya da nake roƙon kada a taɓa shi ne tsohon fallen silin na asbestos, wanda ya cika gidajen da aka gina shekarun baya. Yana da faɗi da ban sha'awa, amma in aka yanka ko aka goge shi, ƙurarsa tana shiga huhu ta zauna, ciwon kuma sai bayan shekaru yake bayyana.

Fentin allo na musamman yana nan a shagunan kayan gini, a Nijar ana ce masa arduwazin. In kin samu ƙaramin gwangwani a farashin da ba zai takura ki ba, ki saya, ya fi sauƙi. In ba haka ba, haɗa shi ba wuya. Ki sami baƙin fentin ruwa, wanda masu fenti ke kira imolshan, marar sheƙi, kuma mai ɗan kyau irin wanda ake shafa wa bangon waje, don mai arha sosai yana bin tsumma. Sai garin fi-o-fi, wannan farin garin da ake yin adon silin da shi. Duk inda ake aikin gini za a iya sam miki ɗan kaɗan. Ma'aunin shi ne kofi ɗaya na fenti, kimanin kwatan lita, da cokali 2 na cin abinci na garin. A fara dama garin da ruwa kaɗan har gudajin su mutu, sannan a zuba cikin fenti a juya sosai. Garin da ake cike tsakanin tayil da shi ma yana yi, in dai marar yashi ne. Wani abin sha'awa, shi fi-o-fi ɗin jibsum ne da aka gasa, wato ɗan'uwan allin ne ake sa wa a cikin fenti don ya kama alli.

Kofi ɗayan nan zai ishi allo mai ƙafa 2 da 4 shafi uku. Amma kada a dama shi duka lokaci guda, domin fi-o-fi ba ya jira, kafin rabin awa ya fara daskarewa. A raba uku, a dama na kowane shafi in lokacinsa ya zo. A goge katakon da samfefa tukuna, a share ƙura, a yi shafi na farko siriri daga hagu zuwa dama. In ya bushe, a bi shi da samfefa mai laushi sama-sama, a yi na biyu daga sama zuwa ƙasa, na uku kuma a koma kamar na farko. Siraran shafi uku sun fi kauri ɗaya nesa ba kusa ba. Mai kaurin yana barin sawun buroshi, daga baya ya tsattsage. A shanya a inuwa. Kada a manta da bayan katakon da gefunansa, a shafa musu ko da ragowar fentin man da kike da shi, saboda laima da gara.

Daga nan sai haƙuri, wanda na san shi ne zai fi yi wa yaran wuya. A bar allon kwana 3 ba a taɓa ba. Ranar da za a fara aiki da shi, a kwantar da alli a gefensa a goge fuskar allon gaba ɗaya har ta yi fari fat, sannan a share da busasshen tsumma. Wannan garin yana cike ƙananan ramukan fentin. In aka tsallake wannan, rubutun farko da aka yi yana iya zama daram, a yi ta gogewa inuwarsa na nan.

Wanda yake gidan kansa yana da wata hanyar, irin ta makarantun firamare: magini ya yi wa wani sashe na bango filasta da siminti da lallausan yashi, ya lailaye shi, a bar shi ya bushe kamar mako 4 kafin a yi masa fenti. Wannan ba gara ba lanƙwasa. Amma ke da kike haya, na katako ya fi miki, ranar tashi ki saɓa abinki.

Yanzu maganar batir. Maƙwabciyarki ba ƙirƙira ta yi ba. Da yawa daga cikinmu mun ga ana yin haka a makarantu, kuma allon yana yin baƙi ƙirin. Sai dai wannan baƙin garin ba gawayi ba ne zalla. Akasarinsa wani sinadari ne na ƙarfen manganis, haɗe da wasu gishirai masu cin fata. Yaro zai dafa allo, ya sa hannu a ido, ya ɗauki ƙosai da hannun. Allon gida kuwa ya fi na makaranta kusa da kwanon abinci. Ki gode mata, amma a bar batir.

In kuɗin fenti bai samu ba a yanzu, muna da abin da ya fi batir tsafta, kuma mun gaje shi. Tawadar da almajirai ke rubutu da ita a allon aduwa, ai da gawayi da ƙaro ake haɗa irin wadda ake wankewa. A daka gawayi ya yi laushi, a tankaɗe, a jiƙa ƙaro ya narke, a haɗa su kamar kaurin koko, a shafa wa katakon da tsumma, a bari ya bushe. Ƙaron shi ke riƙe baƙin. Zai yi aiki, illa dai ba ya jure jiƙaƙƙen tsumma, kuma yana son sabuntawa lokaci-lokaci. In aka sa farin gam na kafintoci a madadin ƙaro, ya fi daɗewa. Kada dai gam ɗin ya yi yawa, don shi ma in ya yi yawa sheƙi yake kawowa, a koma gidan jiya.

Farin allo kuwa akasin baƙi ne a komai. Shi santsi yake so, santsin da babu ko ƙofar allura da tawada za ta shiga. Tawadar makarsa an haɗa ta da wani ɗan maiƙo da ke hana ta manne wa allo, shi ya sa in ta bushe take fita kamar ƙura. Don haka farin fenti a kan katako ba zai taɓa zama farin allo ba. Katakon zai sha tawadar, cikin kwana biyu ya yi dabbare-dabbare. Abin da ke yi shi ne farar fomaika mai sheƙi, irin wadda kafinta ke manna wa kanta da teburin shago, a manna ta a kan filawud. Babban tayil fari mai sheƙi, mai santimita 60 kowane gefe, shi ma allo ne sosai, kuma guda ɗaya da ya rage a wurin gini ya isa, in dai an yi masa firam na katako saboda nauyi da kaifin baki. Ƙofar tsohon firij fara tana yi, har ma tana kama maganaɗisu a maƙala takarda. Gilashi da farar takarda a bayansa ya fi su duka gogewa tas, amma ban yarda da shi a inda ƙananan yara ke guje-guje ba.

A lura wajen sayen maka. Akwai ta farin allo, akwai wadda ba ta gogewa, irin da ake rubuta suna a buhu, kuma kamanninsu ɗaya. In an yi kuskure, a bi rubutun da makar allo a goge nan take tun bai bushe ba, ko a sa sifirit a auduga. Soson ƙarfe kuwa yana kashe santsin, daga ranar allon ba zai ƙara gogewa da kyau ba.

To wanne za ki zaɓa? Ni dai baƙin nake ba ki shawara. Haɗa farin allo ba tsada, ciyar da shi ne tsada: maka tana ƙarewa da wuri, yaro ya bar ta a buɗe rana ɗaya ta hunturu ta bushe, alhali kwalin alli ɗaya zai kai ku watanni. Kuma ɗan turjiyar da alli ke yi a kan allo tana taimaka wa mai koyon baƙi da wasali ya mallaki hannunsa, inda maka ke sulluɓewa da shi. Inda zan canza magana shi ne in akwai mai asma ko yawan tari a cikin yaran. A nan ƙurar alli ba ta dace ba, sai a yi farin, ko a nemi allin da ake cewa marar ƙura a riƙa share shi da tsumma mai ɗan danshi.

Wurin ratayewa ma yana da muhimmanci. Manya sukan kafa allo daidai tsayinsu, yaro ya yi ta ɗage. A sa tsakiyarsa daidai idon yaron da ke tsakiya a cikinsu, ƙaramin ya samu ƙasa, babban ya samu sama. Haske ya zo daga gefe, kada ya daki fuskar allon. A ɗaure shi da kyau ta kusurwa huɗu don kada ya faɗo kan mai rarrafe, a bar ɗan tazara tsakaninsa da bango, a riƙa leƙa bayansa saboda gara. In kafinta zai buga siririn katako a ƙasa, ya zama mazaunin alli kuma ya tare gari. Ni da zan ƙara, da na ja layuka uku ko huɗu da farin fenti a sashe ɗaya, domin su yi wa yaran jagora a boko daga hagu, a Arabiyya daga dama.

Ki fara da samfefar nan a kan katakon da ke hannunki, Malama, wataƙila ba sai kin sayi komai ba. In yaran sun yi rubutunsu na farko a kai, ki rubuto ki gaya mana yadda ya kama.