Gani Ya Kori Ji: Gwaje-gwajen Kimiyya A Taron Malaman Makaranta

Wannan takarda zuwa ga hakimai ce da magatakardansu, domin su fahimci abin da ake yi a taron da akan kira malaman makaranta lokacin hutu. Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1957, tana yin irin wannan taro shekara-shekara, hukumomin ilmi kuma suna shirya nasu. Babban abin da ake nufi shi ne kowane malami ya yi gwaji da hannunsa, ya gani da idonsa, sa'an nan ya koma ya sa yara su yi. Yaron da ya haddace magana kawai yakan manta da ita bayan jarrabawa, amma abin da ya gwada da kansa yakan bi shi har gida.

Kada a zaci sai da kayan Turai masu tsada. Ga gwaji uku waɗanda ana samun kayansu a kowace kasuwar ƙauye.

Na fari, sanyin randa. A sami tukwane biyu, babba da ƙarama, a sa ƙaramar cikin babbar, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi sosai. A zuba tumatir a ciki, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. A bar wani tumatirin a faifai kusa da su. Bayan 'yan kwanaki za a ga na faifai ya yi yaushi, na tukunya kuwa yana nan da ƙarfinsa. Dalili shi ne ruwan da ke tsatsowa ta jikin tukunya yana bin iska, in zai tafi kuwa yakan kwashi zafi ya tafi da shi. Shi ya sa abin ya fi ci da rani, lokacin da iska take a bushe. Da wannan dabara wani malami, Mohammed Bah Abba, ya taimaki manoman Jigawa, har ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000.

Na biyu, ruwan soɓorodo. A jiƙa soɓorodo, a tace, a raba ruwan cikin kwalabe uku. A matsa lemon tsami a ta fari, sai jansa ya ƙara haske. A zuba ruwan kanwa a ta biyu, sai ya rikiɗe ya yi duhu-duhu, ya koma wajen kore. Ta uku a bar ta yadda take domin a kwatanta. Da haka yara ke gane cewa abubuwa sun kasu, akwai dangin tsami, akwai dangin kanwa da toka, kuma ɗaya yana kashe kaifin ɗaya. Duk matar da ta taɓa jefa kanwa cikin miyar yakuwa ta san wannan, ko da ba ta san sunansa a littafi ba.

Na uku, kuma shi ya fi muhimmanci ga lafiyar gunduma, asalin sauro. A ɗebo ruwan kududdufi ko na tsohon kasko mai 'yan tsutsotsin nan masu wutsil-wutsil, a zuba cikin kwalba rabi, a ɗaure bakinta da ƙyalle mai shara-shara. Cikin mako guda ko biyu za a tarar da sauro yana shawagi a ciki, alhali babu ta inda ya shiga. Tun 1897 wani likita, Ronald Ross, ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro cikin cikin sauro a ƙasar Indiya. Yaron da ya ga wannan kwalba ba sai an matsa masa ba zai kife kaskon da ke bayan ɗakin uwarsa.

To, me ake bukata daga hakimi? In malamin gundumarsa ya komo daga taro, ya kira shi ya maimaita gwajin a gaban dagatai da masu unguwa, domin abin da manya suka gani da idonsu ba su hana 'ya'yansu koyonsa. Ya umurci magina tukwane su taimaki makaranta da abin da ya sawwaƙa. Magatakarda kuma ya rubuta sunan makaranta, da gwajin da aka yi, da ranar, yadda hakimi zai iya tambaya in ya fita rangadi. A kula, kada a bar yara su ɗanɗana abin gwaji, kuma a kashe sauron kwalba kafin a buɗe ta.

Makarantar da hakimi ke leƙawa ba ta lalacewa. Allah ya sa mu amfana da abin da muka sani, amin.