Karatun Sawu a Bakin Kogin Kaduna

Darasinmu na wannan wata ba a ɗaki za mu yi shi ba. Za mu sauka bakin kogi da sassafe mu dubi rairayi. Gama da dare namomi da tsuntsaye su kan zo shan ruwa da neman abinci, kowannensu kuwa ya kan bar sawunsa. Wanda ya iya karanta sawu ya san abin da ya riga shi zuwa, ya kuma san inda zai hana yaransa shiga.

Kogin da sunansa

Kogin Kaduna ya taso daga tuddan Jos, ya yi tafiya wajen kilomita 550 kafin ya faɗa cikin Kwara a ƙasar Nufe. An ce daga kada a ka samo sunan, watau kadduna, domin a dā suna da yawa a nan. A 1917, zamanin Gwamna Lugga, a ka ƙaura da babban birnin Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna. Tun daga nan gari ya yi ta girma, kadduna su ka yi ta ja da baya, har yau da wuya a ga guda a cikin gari. Amma ƙananan namomi suna nan.

Da rani ruwa ya kan janye, rairayi da duwatsu su fito a gaɓar arewa, daga wajen Malali da Unguwar Rimi har Kabala da Ƙofar Gamji. Lokacin karatunmu ke nan. Mu tafi kafin masu wanki da masu ɗiban yashi su tattake wurin, sa'ad da rana ta ke ƙasa ƙasa, gama inuwa ita ke fito da sawu a fili.

Sawun da za mu gani

1. Guza. Kowace ƙafarta tana da yatsu biyar masu dogayen farata. Tsakanin sawun dama da na hagu akwai siririn layi mai lanƙwasa, inda wutsiya ta ja ƙasa. Ba banza a ke kiran wata unguwa ta arewacin gari Rafin Guza ba.

2. Kada. Yatsu biyar a ƙafar gaba, huɗu a ta baya, jan wutsiya kuwa mai fāɗi ne. Macen ta kan haƙa rami ta binne ƙwai a rairayi da rani, ta yi tsaronsu wajen wata uku. Ko da shi ke ya yi wuyar gani a gari, in mun ga wannan sawu a ƙauye, sai mu bar wurin nan da nan, mu faɗa wa mai unguwa da masunta.

3. Maciji. Yawancinsu su kan bar layi mai karkace karkace, ba sawun ƙafa ko ɗaya. Kāsā kuwa, da ya ke tana da kauri, sau da yawa ta kan miƙe sosai. In layin ya shige ƙarƙashin dutse ko ciyawa bai fito ba, mai shi yana ciki. Hannu ba ya shiga nan.

4. Tsuntsaye. Zalɓe da balbela suna da dogayen yatsu uku a gaba, ɗaya a baya. Kirinjijiya tana da fata tsakanin yatsu kamar agwagwa. Ƙananan huje huje a laka kuwa aikin bakin waɗansu 'yan tsuntsaye ne da ke zuwa daga Turai da kaka, su koma wajen watan Afrilu. Su baƙi ne da su ka ƙetare hamada kafin su iso mu.

5. Kare da kyanwa. Sawun kare yana nuna farata, na kyanwa ba ya nunawa, domin ta kan ɓoye su sa'ad da ta ke tafiya.

Sabo ne ko tsoho?

Sabon sawu bakinsa da kaifi. Tsoho ya rurrushe, iskar hunturu ta zuba masa ƙura. Inda sawu biyu su ka haɗu, na sama shi ne na baya. Hausawa sun ce sawun giwa ya taka na raƙumi. A bakin koginmu sawun shanun Fulani ne ya kan taka na kowa.

Alamar da ta fi ƙanƙanta

A bakin kududdufan da kogi ya bari za mu ga ɓawon ƙananan katantanwa. Wannan ita ce alamar da ya fi kamata iyaye su sani. Ba dukansu ke da lahani ba, amma a jikin waɗansu ne tsutsar tsargiya ta ke girma, cutar nan mai sa fitsarin jini. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851. Ga yadda ta ke yaɗuwa: mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai su ƙyanƙyashe, su shiga katantanwa su yi yawa, sa'an nan su fito su huda fatar mai wanka. Yaro ba ya jin shigarsu. Saboda haka mu hana yara wasa cikin ruwan da ke kwance, mu hana fitsari a kogi. Yaron da ya ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, gama akwai magani. Rigakafi kuwa ya fi magani.

Har wa yau rairayi yana faɗa mana lafiyar kogin. In shekara ta zagayo mun tarar leda da kwalabe sun fi sawun tsuntsu yawa, mun san daga gidajenmu su ka fito.

Aikin wannan wata

1. Ku tafi bakin ruwa ku biyu ko uku, da babba a cikinku, ku zana sawu iri uku a takarda.
2. Yaya za a bambanta sawun guza da na kada?
3. Ta wace hanya tsargiya ta ke shiga jikin mutum?
4. Ku tambayi wani tsohon masunci namomin da ya ke gani yana yaro, waɗanda ba ya gani yanzu. Ku rubuta sunayensu ku karanta wa yaranku.